Wa Ke Da Daji? Taƙaddamar Masu Motocin Jif Da Hukuma A Yammacin Amurka

Moab wani ƙaramin gari ne a kudu maso gabashin Jihar Utah ta ƙasar Amurka. Bisa ga ƙidayar shekarar 2020, mazaunansa ba su kai mutum 5,400 ba. Garin yana cikin wani kwari kusa da Kogin Kolorado, jajayen duwatsu sun sa shi tsakiya. Amma da zarar makon bikin Ista ya kewayo, sai ya cika ya batse da baƙi. Tun da sassafe motocin jif za su yi jerin gwano a babban titi, an ƙara musu tsayi, an sa musu manya-manyan tayoyi, da yawansu kuma suna da na'ura mai igiyar ƙarfe a goshi, wadda direba zai ɗaura wa dutse ko wata mota ya jawo kansa idan ya kafe. Daga nan sai su rabu ayari-ayari su nufi daji, inda babu kwalta babu gada, wani wurin ma babu alamar hanya sai baƙin sawun taya a kan falalen dutse.

Waɗannan mutane ba fatauci ya kawo su ba. Shaƙatawa suka zo yi, kowa yana so ya gwada ƙarfin motarsa da gwanintarsa, ya kuma kai iyalinsa wuraren da ƙaramar mota ba ta isa zuwa ba. Filin da suke ratsawa kuwa na Gwamnatin Tarayya ne, watau na jama'ar ƙasar baki ɗaya. To, a nan gizo ke saƙar. Mai jif yana cewa tun da filin na kowa ne, shi ma yana da ikon shigarsa da abin hawansa. Mai tafiya a ƙasa, da masanin kimiyya, da jikokin mutanen da kakanninsu ke kwance a cikin waɗannan duwatsu, su kuma suna cewa ai saboda na kowa ne bai kamata mutum ɗaya ya yi masa tabon da zai fi shi daɗewa a duniya ba. An fi shekara 50 ana wannan ja-in-ja, an je majalisa, an je kotu, har an kai wani gidan kurkuku.

FILIN DA YA FI NIJERIYA GIRMA

Kafin a fahimci zafin wannan magana, sai an san girman abin da ake jayayya a kansa. Gwamnatin Tarayyar Amurka tana da fili wajen eka miliyan 640, kimanin kashi 28 cikin ɗari na faɗin ƙasar ke nan, kuma yawancinsa yana yamma ne. A Jihar Nevada wajen kashi 80 cikin ɗari na ƙasa na tarayya ne, a Utah kuwa ya haura kashi 60.

Babban rabo yana hannun Hukumar Kula da Filayen Gwamnati, wadda aka fi sani da BLM, da aka kafa a shekarar 1946. Ita kaɗai tana riƙe da eka kamar miliyan 245, filin da ya ɗan ɗara dukkan Nijeriya faɗi. Hukumar Gandun Daji, wadda ta girme ta tun da an kafa ta a 1905, tana da eka kamar miliyan 193. Dokar da BLM ke aiki da ita ta ɗora mata nauyin raba amfanin filin tsakanin mabuƙata dabam-dabam: makiyayi, da mai haƙar ma'adini, da maharbi, da mai yawon buɗe ido, da namun daji. Raba gardamar waɗannan ita ce aikinta na yau da kullum.

Can da, nisa da wuyar ƙasa su ne suka tsare wannan daji. Wanda duk zai shiga sai da doki ko alfadari, da guzuri da salkar ruwa. Abin da ya rushe wannan katanga kuwa shi ne wata 'yar mota da aka ƙera domin yaƙi.

JIF TA DAWO DAGA YAƘI

A shekarar 1940 rundunar sojan Amurka ta nemi a ƙera mata ƙaramar mota mara nauyi, wadda injinta ke juya dukkan ƙafafunta huɗu, yadda za ta iya keta laka da rairayi. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, kamfanonin Willys da Ford sun ƙera irinta wajen 640,000. Da aka yi sallama da yaƙi, sai Willys ya fito da samfurin farar hula, ya yi ta tallarsa ga manoma. Gwamnati kuma ta yi gwanjon rarar motocin soja da araha. Samarin da suka koyi tuƙa jif a fagen fama suka dawo gida suka saya, suka fara fita da ita farauta da kamun kifi.

A 1953 wasu mutanen garin Georgetown a Jihar Kalifoniya, ciki har da wani mai suna Mark Smith, suka shirya ayarin jif ya bi tsohuwar hanyar Rubicon, mai tsawon mil 22 cikin manyan duwatsu, domin su jawo wa garinsu baƙi. Abin ya karɓu, ya zama na shekara-shekara, sauran garuruwa suka kwaikwaya. Sa'an nan a shekarun 1960 sai ga babura marasa nauyi daga Japan, masu arhar da ko ɗan makaranta zai iya tara kuɗi ya saya. A 1970 kamfanin Honda ya ƙara da babur mai ƙafa uku mai tausassan tayoyi. Ta haka wurin da a da ake kwana uku kafin a kai, ya zama na zuwa da hantsi a dawo da la'asar.

Moab ta shigo cikin wannan harka ne ta wata ƙofa dabam. A 1952 wani masanin duwatsu, Charlie Steen, ya gano ɗimbin yuraniyom a kudu da garin, irin ma'adinin nan da ya sa garin Arlit na Jamhuriyar Nijar ya yi suna. Masu neman arziki suka yi caa, mazaunan garin suka tashi daga kamar mutum 1,300 a 1950 zuwa fiye da 4,600 a 1960. Da katafila da jif aka tsattsaga dajin, kowa yana yanka hanya zuwa inda yake zaton sa'arsa take. A 1967 ƙungiyar 'yan kasuwar garin ta shirya yawon jif na farko na ranar Asabar ɗin jajibirin Ista. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi, aka rufe masana'antar tace shi ta Moab a 1984, sai garin ya koma cin abinci da baƙi. Hanyoyin da masu haƙa suka bari su ne suka zama jarinsa.

ƘURA TA TASHI

Wurin da aka fara kai ruwa rana shi ne hamadar Mojave. Tun daga 1967, a ƙarshen kowane watan Nuwamba, ana yin tseren babura daga kusa da garin Barstow na Kalifoniya zuwa Las Vegas, tafiyar fiye da mil 150. A 1974 mahaya wajen 3,000 suka fito. Sukan jeru ne sahu-sahu a faɗin daji, a ba da alama, su zabura gaba ɗaya. Da ma'aikatan BLM suka bi sawu suka ga irin ɓarnar da aka yi wa tsirrai da ramukan dabbobi, sai hukumar ta hana izinin tseren daga 1975. Wasu mahaya suka yi ta bin hanyar ba da izini ba domin nuna rashin yarda. An maido da tseren a 1983, amma na 1989 shi ne na ƙarshe.

Abin da ya kashe shi kuwa kunkuru ne. Kunkurun hamadar Mojave yakan yi shekara 50 ko fiye a duniya, ba ya fara haihuwa sai ya kai shekara 15 zuwa 20, kuma mafi yawan rayuwarsa a rami yake yinta. Idan taya ta rufta ramin, ko ta bi ta kan uwa guda, an yi asarar da za a daɗe ba a maida ba. A 1989 aka sa shi cikin jerin dabbobin da doka ta kare cikin gaggawa, aka tabbatar da kariyar a 1990.

Tun kafin wannan, fadar shugaban ƙasa ta riga ta sa baki. Ranar 8 ga watan Fabrairu 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan umurni mai lamba 11644, wanda ya ce kowace hukuma ta fayyace wuraren da aka yarda a shiga da injin da waɗanda ba a yarda ba, ta kuma tsara hanyoyin yadda za a rage ɓarna ga ƙasa da ruwa da tsirrai, da firgita namun daji, da takura wa sauran masu amfani da filin. A watan Mayu 1977 Shugaba Jimmy Carter ya ƙara da umurni mai lamba 11989, wanda ya wajabta wa jami'i ya rufe wuri nan take idan ya ga motoci suna yi masa babbar illa. Daga nan BLM ta kasa filayenta gida uku: buɗaɗɗe, inda mutum zai bi duk inda ya ga dama; ƙayyadadde, inda sai kan hanyar da aka zana; da rufaffe. A 2005 Hukumar Gandun Daji ta ɗauki ƙa'idar cewa mota ba ta da hurumi a gandunta sai kan hanyar da ke cikin taswirar hukuma.

ƘASA MAI RAI

Wanda bai san hamada ba yana iya cewa me taya za ta ɓata a wurin da babu komai. Masana, irin su Jayne Belnap wadda ta shafe shekaru tana bincike a Moab, sun nuna cewa baƙin ɓawon nan mai gurje-gurje da ke rufe ƙasar yankin abu ne mai rai. Wasu ƙananan halittu ne da gansakuka suka saƙa zare a tsakanin ƙwayoyin yashi suka ɗaure su. Ɓawon yana riƙe danshi, yana samar wa tsiro abinci, yana kuma hana iska kwashe ƙasa. Taya ɗaya ta isa ta farfasa shi cikin ƙiftawar ido, alhali kafin ya koma yadda yake sai an yi shekaru aru-aru, musamman inda ruwan sama ya yi ƙaranci.

Illar ba ta tsayawa a inda aka yi ta. Ƙurar da ke tashi daga ƙasar da aka tattake, ko da kofaton shanu ko da taya, iska tana kai ta kan dusar ƙanƙarar duwatsun Kolorado. Ƙanƙarar da ta yi duhu takan sha zafin rana ta narke da wuri. Wani bincike da aka buga a 2010 ya ƙiyasta cewa wannan yana rage ruwan Kogin Kolorado da kimanin kashi 5 cikin ɗari, kogin da mutum wajen miliyan 40 ke dogaro da shi.

Akwai kuma shaidar da ido ke gani. A 1942 Janar George Patton ya buɗe sansanin horar da sojoji a hamadar Kalifoniya, domin shirin yaƙi a Arewacin Afirka. An rufe sansanin a 1944, amma bayan shekara 80 ana iya ganin sawun tankokinsa a fuskar ƙasa. Mutanen Nijar ma sun san wannan darasi. Itacen ƙayar nan na Tenere, wanda ya daɗe yana tsaye shi kaɗai yana nuna wa ayarin gishiri hanya tsakanin Agadas da Bilma, wata babbar mota ce ta kayar da shi a 1973. Ragowarsa tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinsa kuwa sai itacen ƙarfe aka kafa.

MECE CE HANYA?

Da aka amince cewa mota ta tsaya a kan hanya, sai wata sabuwar gardama ta kunno kai, watau wane sawu ne ya cancanci a kira shi hanya. A 1866 Majalisar Dokokin Amurka ta yi wata doka mai jimla ɗaya tak, wadda aka fi sani da R.S. 2477, ta ba jama'a damar gina hanya a kan filin gwamnati ba tare da neman takarda ba. An soke ta a 1976, amma aka bar wa hanyoyin da suka riga suka kafu haƙƙinsu. Matsalar ita ce babu rajista. A 2005 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa a Utah sai an tabbatar jama'a sun yi shekara 10 a jere suna bin hanya kafin 1976. A 2012 Jihar Utah da gundumominta suka kai ƙarar Gwamnatin Tarayya suna neman hanyoyi fiye da 12,000. Wasu manyan hanyoyi ne da ake gyarawa da gireda, wasu kuwa busasshen rafi ne ko sawun katafilar mai neman yuraniyom. Lauyoyin jihar suka shiga ƙauyuka suna ɗaukar shaidar tsofaffin makiyaya da maharba, suna gaggawa kada mutuwa ta riga su.

Rigimar ta kai maƙura a kwazazzabon Recapture, kusa da garin Blanding a Gundumar San Juan. A can akwai kufan gidajen dutse da kaburburan kakannin al'ummar Pueblo, 'yan asalin nahiyar, waɗanda suka bar yankin fiye da shekara 700 da suka wuce. Wasu sun yanka hanyar babura a wurin ba da izini ba, BLM ta rufe shi ga injuna a 2007. Mutanen gari suka nemi a buɗe, shekara bakwai ba amsa. Ranar 10 ga watan Mayu 2014 wani kwamishinan gundumar, Phil Lyman, ya jagoranci jerin babura masu ƙafa huɗu suka kutsa. A 2015 kotu ta same shi da laifi, ta ɗaure shi kwana 10, ta kuma ce a biya diyyar wajen dala 96,000. A watan Disamba 2020 Shugaba Donald Trump ya yi masa afuwa. Ga magoya bayansa jarumi ne da ya tsaya wa talakawan karkara a gaban ma'aikatan Washington, ga ƙabilun yankin kuwa mutum ne da ya kai hayaniya maƙabartar iyayensu.

HUJJAR MASU MOTA

Masu jif ba su rasa abin faɗa ba. Suna cewa dattijo mai ciwon gwiwa, da tsohon soja da ya rasa ƙafa, da magidanci mai ƙananan yara, ba za su iya goya kaya su yi tafiyar mil 20 a ƙasa ba, don haka rufe hanya daidai yake da keɓe dajin ga matasa masu ƙarfi da lokaci. Suna tuna wa jama'a cewa tun daga Dokar Keɓaɓɓen Daji ta 1964 an riga an ware eka fiye da miliyan 100 inda ba a shiga da kowane irin inji.

Har ila yau suna cewa ba cin banza suke yi ba. Tun 1971 Kalifoniya take karɓar kuɗin rajista daga masu abin hawan daji, ana kashewa wajen kula da wuraren wasansu. Tun 1991 kuma ake ware wani kaso na harajin man da suke sha domin gyaran hanyoyin shaƙatawa, ciki har da na masu tafiya a ƙasa. Ƙungiyoyinsu, irin su Red Rock 4-Wheelers mai shirya bikin Moab, sukan fita aikin gayya su kafa shinge da alamomi, su kwashe shara. A ganinsu laifin 'yan tsiraru ne ake shafa wa kowa, kuma duk hanyar da aka rufe, cunkoso ne ake ƙara wa wadda ta rage.

Abokan hamayyarsu, irin su ƙungiyar Southern Utah Wilderness Alliance, ba su musa cewa yawancin direbobi masu kiyaye doka ne ba. Abin da suke cewa shi ne ma'aikatan tsaro kaɗan ne, fili kuwa ba iyaka, kuma idan mutum ɗaya ya sauka daga hanya ya bar sawu, na bayansa zai ɗauka hanya ce ya bi.

TSUGUNE BA TA ƘARE BA

Daga 2007, sa'ad da kamfanin Polaris ya fito da samfurin RZR, wata irin ƙaramar motar daji mai kujeru da keji ta mamaye kasuwa. Ba ta buƙatar wata gwaninta, kuma baƙo yana iya hayarta na yini ɗaya. Dokar Utah ta yarda irinta ta hau titin gari idan ta cika sharuɗɗa, saboda haka ƙarar da a da ke can daji ta shigo unguwannin Moab dare da rana. Garin da ke cin abinci da injuna ya wayi gari mazaunansa suna kuka da su. A watan Oktoba 2020 majalisar garin da ta gunduma suka dakatar da ba da lasin ga sababbin kamfanonin haya, aka ƙayyade musu gudun mil 15 a sa'a cikin gari. A 2022 majalisar jiha ta rage wa ƙananan hukumomi ikon takura wa waɗannan kamfanoni, amma ta wajabta wa direbobin daji yin wani ɗan kwas daga farkon 2023.

A dajin ma haka abin yake, yau gaba gobe baya. An hana yawon ganin dama a kewayen tsaunin Factory Butte a 2006 saboda wasu tsirrai masu ƙaya da ke neman ƙarewa, a 2019 aka sake buɗe eka 5,400. A watan Satumba 2023 BLM ta fitar da sabon tsari na yankin Labyrinth da Gemini Bridges, a arewa maso yammacin Moab. Ta rufe hanyoyi masu tsawon mil 317, musamman na gaɓar kogin Green inda masu kwale-kwale ke neman shiru, ragunan dutse kuma ke zuwa shan ruwa, ta bar fiye da mil 800 a buɗe. Gwamnatin Utah da ƙungiyar BlueRibbon Coalition ta masu abin hawa suka ƙalubalanci tsarin. A 2025, bayan mulki ya sauya hannu a Washington, hukumar ta koma tana sake duba hanyoyin da ta rufe.

Abin lura a nan shi ne bambancin saurin abubuwa biyu. Taswirar hanyoyi tana iya sauyawa duk bayan shekara huɗu, bisa ga wanda ya ci zaɓe. Hanyar da aka rufe bisa kuskure ana iya buɗe ta da sa hannun jami'i ɗaya, mai jif ya koma ya tarar da ita inda ya bar ta. Ƙasar da aka buɗe bisa kuskure kuwa ba ta san an yi zaɓe ba, sai ta ɗauki lokacinta kafin ta warke, kamar yadda sawun tankokin 1942 ke nunawa. Mai otal da mai gidan mai a Moab suna buƙatar baƙi a bana, 'ya'yansu kuma za su buƙaci dajin da baƙi za su so su zo gani nan da shekara 30. A tsakanin waɗannan buƙatu biyu ne ake auna kowane mil na hanya, ana kuma ci gaba da aunawa a ofisoshin hukuma da zaurukan kotu.